Yadda Ake Dasa Itace da Fulawa Masu Jure Fari a Tsakiyar Bazara

Tun da zafin bana ya kankama tambaya ɗaya ake ta maimaita mini. Wani ya tare a sabon gida a Palladan ko Ɗan Magaji a nan Zariya, tsakar gida fayau babu ko ganye ɗaya, katanga na tururi har bayan Isha'i. Wata kuma ta sayi fulawa sau biyu, sau biyun suna bushewa. Duk tambayar ita ce: me zan dasa yanzu da ba zai mutu ba, kuma yaya zan yi?

Ana iya dashe a bazara, na yi kuma ya kama. Amma a riƙe wannan tun daga farko: juriyar tsiro a saiwarsa take. Zogalen da kake gani kore shar a watan Afrilu ba tare da an ba shi ruwa ba, ya daɗe da tura saiwarsa ƙasa inda laima take. Wanda ka fitar daga leda yau, saiwarsa ba ta wuce tafin hannu ba, kuma ƙasar da ke kewaye da ita ta fi kowane wuri zafi. Don haka aikinka na mako shida zuwa takwas ne, raino irin na jariri, har saiwar ta nutse ko damina ta karɓe ka. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan suke.

1. Fara da lissafin ruwa

Kafin ka sayi ko dashe ɗaya, zauna ka lissafa ruwa. Yawancin asarar da nake gani daga nan take farawa: mutum ya ɗauko dashe 30 a rana ɗaya, a mako na uku rijiya ta ja baya, famfo ya ɗauke, sai a fara raba ruwan kofi-kofi, duka su mutu tare.

Ga ƙiyasin da nake aiki da shi ga ƙaramin itace guda, a jarka mai lita 25. Makon farko, lita 5 kullum. Mako na biyu zuwa na huɗu, lita 10 sau uku a mako. Daga mako na biyar, rabin jarka sau biyu a mako. Idan dashenka 10 ne, makon farko zai ci jarka 14, makonni uku na gaba jarka 12 kowanne, huɗun ƙarshe jarka 10 kowanne. Jimla jarka 90 a mako takwas. Ka ninka da abin da mai ruwan unguwarku ke karɓa. Idan misali naira 100 yake ba ka jarka, naira 9,000 ke nan, kuma sau da yawa za ka ga kuɗin ruwan ya zarce kuɗin dashen kansa.

Daga nan lokaci ya shigo. A Zariya ruwan sama yakan zauna ne a cikin watan Mayu, ya kai ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Wanda ya dasa farkon Maris zai yi dakon ruwa mako goma ko fiye, a lokacin da zafi ke haura digiri 35, wasu ranakun ya doshi 40. Wanda ya jira ƙarshen Afrilu, mako uku ko huɗu kawai zai yi. Idan ba ka da rijiya ko burtsatse a gida, shawarata ka yi amfani da Maris wajen haƙa rami da tara taki, ka dasa a ƙarshen Afrilu. Idan kuma dole yanzu kake so, rage yawan. Daidai ruwa, daidai tsaki. Dashe biyar da suka sha suka ƙoshi sun fi ashirin da ke rabon ƙishirwa.

Akwai ruwan da gida ke zubarwa kullum ba a lissafa shi: ruwan alwala, na wankin shinkafa, na wanke kayan miya, na ɗaurayar ƙarshe. Ajiye bokiti a wurin alwala, gidan mutum shida zai tara abin da zai riƙe itace biyu ko uku.

Gargaɗi: ruwan da aka yi wanki da omo ko bilic, da ruwan wanke-wanke mai maiƙo da gishiri, kada su je gindin dashe. A damina ruwan sama kan wanke su, a bazara kuwa taruwa suke yi a ƙasa har su ƙona saiwa.

2. Zaɓi abin da zai iya

Na ci da na amfanin gida: zogale shi ne na farko, sai lalle, rumman, magarya, kuka idan akwai fili, da gwaiba idan ruwanka da ɗan dama. Na inuwa: dalbejiya, tsamiya ga mai haƙuri, da ceɗiya. Na ado: alobera, kariya (fulawa ce mai kaurin gindi), da fulawar nan mai ƙaya da ke hawa katanga tana fure kamar takarda, wadda 'yan fulawa ke kira bogenbiliya. Na shinge: bini-da-zugu, aguwa da lalle. Ɗoɗɗoya da ciyawar shayi ma suna yi idan an sa su inda ruwan alwala ke gangarawa.

Waɗanda za ka bari sai damina: ayaba, gwanda, na'ana'a, lemo, mangwaro mai aure, da ciyawar ado da ake shimfiɗawa kamar darduma. Mangwaro idan ya girma yana jure rani, amma ɗan dashensa mai aure yana da tsada kuma ba ya son a taɓa shi cikin zafi.

A kan zogale akwai zaɓi biyu kuma mutane da yawa ba su san bambancinsu ba. Idan ka kafa reshe, zai yi saurin ba da ganye, amma ba ya yin uwar saiwa mai nutsewa, ga shi gara na sonsa. Idan ka shuka ƙwaya kai tsaye a rami, biyu ko uku a zurfin gaɓar yatsa, za ta tsiro cikin mako ɗaya zuwa biyu, ta tura saiwa mai kauri kamar rogo. Wannan shi ne wanda zai yi maka shekaru ba ka ba shi ruwa ba. Ni ƙwaya nake zaɓa ko da yaushe, sai dai idan shinge nake so da gaggawa. Bini-da-zugu, aguwa da ceɗiya kuwa reshensu ake kafawa, kuma ƙarshen rani shi ne lokacinsu tun a wurin iyayenmu: a yanko reshe mai kauri, tsawon mita ɗaya ko fiye, a bar bakin yankan ya sha iska kwana biyu a inuwa, a binne kashi ɗaya cikin uku.

Gargaɗi ga gidan da ke da yara: ƙwayar bini-da-zugu guba ce, kuma kamanninta na jan yaro ya tauna. Ruwan jikin kariya ma guba ne, na aguwa kuma yana ƙona ido. Ko dai a sa su bayan katanga, ko a haƙura da su a yi shingen lalle.

3. Sayen dashe

Wurin 'yan fulawa na bakin titi, ido kan tafi ga mafi tsayi da yawan ganye. A bazara wannan ne mafi haɗari, domin yawan ganye yawan fitar da ruwa ne, kuma itacen da ya yi tsayi a ƙaramar leda saiwarsa ta riga ta nannaɗe. Nemi wanda tsayinsa bai wuce gwiwa ba, kararsa da kauri, ganyensa ba rawaya.

Ɗaga ledar ka duba ƙasanta. Idan ka ja ka ji ta liƙe da ƙasa, saiwa ta fasa leda ta shiga ƙasa, kuma cire ta na nufin tsinke ta. Na taɓa ɗaukar gwaiba uku a haka, mai sayarwar ya fizge su da ƙarfi yana cewa, “Malam, ba komai, ka ba su ruwa kawai.” Kafin mu isa gida ganyen sun langaɓe, ɗaya kaɗai ya farfaɗo. Tun daga ranar, leda nake fara dubawa kafin ganye.

Idan a acaɓa ko Keke Napep za ka kai su, jiƙa buhu ka lulluɓe su. Iskar bazara a kan hanya daga Samaru zuwa cikin birni ta isa ta soya ganyen da ya saba da inuwa.

Kada ka dasa ranar da ka saya. A can ƙarƙashin bishiya ake rainonsu, ana ba su ruwa safe da yamma. Ajiye su kwana biyar zuwa bakwai inda hantsi kaɗai ke samunsu, kullum kana ɗan matsar da su zuwa rana. Ka kare baƙar ledar daga rana da kwali ko buhu, don tana ɗaukar zafi har ta dafa saiwa.

4. Wuri da rami

Kayan aikin ba su da yawa: diga, shebur, fartanya, bokiti biyu, wuƙa mai kaifi ko reza, da baro idan akwai. Diga ce ba a yi sai da ita, domin ƙasarmu a wannan lokacin fartanya tsalle take yi a kanta. Ana iya aro, ko a kira mai haƙa a yi ciniki da shi a kan kowane rami, a nuna masa zurfin da ake so kafin ya fara.

Tsaya a tsakar gidan da ƙarfe uku na rana ka ga inda rana ta fi duka. Gindin katangar da ke fuskantar yamma, da gefen daɓen siminti, sun fi ko'ina zafi, suna riƙe shi har dare. Nan sai bogenbiliya ko kariya. Sauran ka nema musu inda za su sami ranar safe, inuwar gini ta rufe su da yamma. Dalbejiya, ceɗiya da kuka su yi nesa da katanga, rijiya da ramin masai da aƙalla taku takwas zuwa goma. Saiwar ceɗiya musamman ba ta jin kunyar gini. Zogale taku uku tsakani idan itace kake so, taku ɗaya idan layi ne na yankan ganye. Lalle na shinge, kamu ɗaya tsakani.

Ramin itace: sentimita 60 faɗi, 60 zurfi, wato ƙafa biyu ta kowane gefe. Na fulawa da ƙananan tsirrai, rabin haka. Idan ƙasar ta yi tauri, sassaƙe sama kaɗan ka zuba bokiti ɗaya da yamma, ka dawo da safe, za ka ga diga na shiga. Ƙasar sama mai duhu a tara ta gefe guda, jar ƙasar ciki a wani gefen, kada a haɗa.

Yanzu ga matakin da kusan kowa ke tsallakewa. Cika ramin da ruwa ka tafi. Idan ka dawo bayan awa huɗu ko biyar ya tsotse, madalla. Idan ya kwana bai tsotse ba, ka tarar da marmara ko laka mai tauri a ƙasa, kuma wurare da dama a Zariya haka suke. Mutum zai ce ai a bazara wannan alheri ne, rami na riƙe ruwa. To amma Zariya ba Sahara ba ce. Muna samun ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, kuma kaso mai yawa a Yuli da Agusta yake sauka. Ramin da bai tsotse ruwa ba a Afrilu, randa zai zama a Agusta, kuma tsirran nan masu jure fari babu abin da ke kashe su da sauri kamar kwanciyar ruwa. Na ga zogalen da ya tsallake bazara lafiya lau, ya faɗi a tsakiyar damina, aka ciro saiwar ta zama kamar dafaffen rogo tana wari. Idan ka sami irin wannan rami, ka ci gaba da diga har ka huda marmarar. In ta gagara, canza wuri, ko ka yi tudu mai tsayin taƙi biyu ka dasa a kansa.

5. Haɗin ƙasa

Kashi biyu ƙasar sama, kashi ɗaya ruɓaɓɓen taki. Idan ƙasarka mai danƙo ce ƙara kashi ɗaya na yashi. Alobera da kariya, rabin haɗinsu ya zama yashi. Watsa toka cikin tafin hannu biyu ka gauraya. Mayar da haɗin cikin rami, ka jiƙa, ka bar shi kwana uku zuwa mako ɗaya ya zauna.

Takin da ya ruɓe baƙi ne, yana marmashewa a hannu, ba ya wari, ba ya ɗumi idan ka tura hannu cikin tarin. Kashin shanu ko na awaki da ya daɗe a turke shi ne mafi aminci. Idan takin bola ne, tankaɗe shi ka fitar da leda, kwalba da tsohon batir.

Gargaɗi: ɗanyen kashin kaji wuta ne. Da ka zuba ruwa zai fara zafi a cikin rami, ya ƙone saiwa cikin kwanaki. Haka takin zamani, NPK ko yuriya: kada ko ƙwaya ɗaya ta shiga rami a bazara. Kamar gishiri yake, yana janye ruwa daga saiwar da ba ta da shi. Ajiye shi sai ruwa ya zauna.

6. Ranar dashe

Bayan La'asar sakaliya, lokacin da rana ta yi sanyi. Da haka dashen zai sami dare guda cur ya huta kafin ya gamu da rana. Wanda ya dasa da safe ya miƙa shi ga zafin azahar kai tsaye.

Ka bi wannan jerin yadda yake. Da safen ranar, ba dashen ruwa a ledarsa don ƙasar ta kama jikinta. Da yamma, buɗe gurbi a tsakiyar ramin daidai girman ledar, ka zuba rabin bokiti ka jira ya tsotse. Yanke gindin ledar da reza, ka tsaga gefenta daga sama zuwa ƙasa, ka zare ta a hankali kana tallafe da curin ƙasar. Idan ka ga saiwa ta nannaɗe a ƙasa kamar gammo, warware ta da yatsa, wadda ta ƙi ka datse ta da wuƙa. Zaunar da dashen yadda wuyansa, wato inda kara ta haɗu da ƙasa a leda, zai yi daidai da bakin ƙasa. Cika gefe, ka danna da tafin hannu. Sannan da jar ƙasar nan da ka ware, ka yi kunya zagaye da shi, faɗin taku guda, kamar bakin kwano, don ruwa ya tsaya a gindi. Zuba bokiti guda a hankali.

Idan dashen na da ganye da yawa, cire kashi ɗaya cikin uku daga na ƙasa, da duk wani fure ko ɗan 'ya'ya da ke jiki. Zuciya ba ta so, musamman ga fulawar da aka saya saboda furenta, amma saiwar ba za ta iya shayar da su duka ba.

Gargaɗi: kada a binne da leda, ko da an huda ta. Kada a ja dashe ta kara don fitar da shi. Kada a nutsar da wuya cikin ƙasa da sunan neman sanyi, ruɓewa yake yi. Kuma kada a tattake da ƙafa bayan an zuba ruwa, ƙasar za ta daskare kamar bulo.

7. Lulluɓe gindi

Ƙasar da rana ke duka tsirara, ruwan da ka zuba da safe kafin azahar ya tafi, sama kuma ta yi ɓawo mai tauri. Shimfiɗa busasshiyar ciyawa, ƙaiƙayi, ɓuntun shinkafa, ɓawon gyaɗa ko busasshen ganye a cikin kunyar nan, kaurin yatsu huɗu. Ka gwada da kanka: da azahar taɓa ƙasar fili, sannan ka tura hannu ƙarƙashin shimfiɗar. Bambancin zai sa ba za ka sake barin gindi a buɗe ba. Idan iska na kwashewa, danne da 'yan duwatsu.

Matsalar ita ce gara, kuma a Zariya ba a raina ta. Bar tazarar yatsu huɗu tsakanin shimfiɗar da karar dashen, ka zagaye karar da toka. Busasshen ganyen dalbejiya ya fi karan dawa aminci a nan, don gara ba ta cika sonsa ba. Duk kwana uku ɗaga shimfiɗar ka leƙa. In ka ga hanyar gara ta fara hawa kara, rushe ta, ka ƙara toka, ka jiƙa wurin sosai. Gara ta fi afka wa dashen da ƙishirwa ta raunana.

8. Inuwa da kariya daga dabbobi

Mako biyu na farko dashe na bukatar inuwa. Kafa sanduna ka ɗora tsohuwar zana, asabari ko buhu ta gefen yamma da sama, ka bar gabas a buɗe. Kada ka yi da kwanon rufi ko leda, tanderu za su zama. Bayan mako biyu cire na sama, bayan mako uku ko huɗu cire duka. Alobera da aka saya daga inuwa ma tana so, in ba haka ba za ka ga ta koma ja-ja.

A bazara duk unguwa babu ɗanyen ganye sai naka, kuma akuya ta sani. Minti biyu aka bar ƙofa a buɗe, aikin wata guda ya tafi. Shingen ya kasance a tsaye tun kafin dashen ya shiga rami. Mafi arha ƙayar magarya ko ta bagaruwa a kewaye. Sai jera bulo ba siminti ana barin ƙofofin iska, ko tsohon kwando da aka cire gindinsa. Ragar waya ta fi tsada amma za ta yi shekaru, kuma za ka iya matsar da ita ga wani dashen. Tsayin ya kai ƙirji, domin akuya na miƙewa da ƙafa biyu. Kaji ma suna tone shimfiɗa neman sanyi, ƙadangare kuma na cin zogale da ya tsiro, don haka kifa masa kwando mai huji har ya kai taƙi guda.

9. Ban ruwa

Ba yawan zuwa da ruwa ake so ba, zurfinsa ake so. Idan kana yayyafa kofi biyu safe da yamma, sama kaɗai ke jiƙa, saiwa kuma inda ruwa yake take bi, sai ta zauna a sama. Ranar da ka yi tafiya ta kwana biyu, ka dawo ka tarar da ƙirare. Idan kuwa ka zuba da yawa lokaci guda ka bar sama ta sha iska, laimar na ƙasa, saiwa na bin ta ƙasa. Dalilin da ya sa lissafin mataki na farko ke rage yawan zuwa yana ƙara yawan ruwa ke nan.

Lokaci mafi kyau bayan Asuba, ko gab da Magariba. Zuba a gindi a hankali, rabi, ka jira ya tsotse, sannan sauran. Kafin ka zuba, tura yatsa har gaɓa ta biyu a ƙarƙashin shimfiɗa. Idan da laima, bari sai gobe. Alobera, kariya da rassan aguwa da bini-da-zugu ba sa cikin wancan lissafi: sau ɗaya a mako ya ishe su, kuma yawan ruwa ne ke kashe su.

Dabarar da na fi yarda da ita ita ce ta tulu. Nemi tulun ƙasa sabo wanda ba a shafa masa komai ba, ka binne shi har wuya, taƙi guda daga dashen, ka cika da ruwa ka rufe bakin. Jikin tulun na tsatsafo a hankali cikin ƙasa, can inda rana ba ta kaiwa, kuma idan ƙasa ta bushe ya fi saki, idan ta jiƙa ya rage. Cikawa duk kwana uku zuwa biyar ta isa. Idan ka tone gefensa bayan wata biyu, za ka ga fararen saiwoyi sirara sun lulluɓe shi kamar gashi. Tulu guda na iya riƙe ƙananan tsirrai uku ko huɗu da aka dasa kewaye da shi. A binne shi ranar dashe, don haƙa daga baya na yanke saiwa. Wanda bai sami tulu ba, ya huda gorar roba da allura wuri uku ko huɗu a ƙasanta, ya binne haka nan. Ba ta kai tulu ba, amma tana taimaka wa ma'aikacin da ke fita tun safe.

Gargaɗi: bakin tulu a rufe ko da yaushe, saboda sauro da kuma yara. Ruwan tankin roba da ke kan rufi, da wanda ya kwana cikin tiyo a rana, yakan yi zafin da hannu ba ya jurewa. Tara shi a bokiti ya huce tukuna.

10. Gane abin da dashen ke nunawa

Ganye ya yi yaushi da azahar, ya miƙe da Magariba: lafiya lau, kada ka ƙara ruwa. Ya kwana a langaɓe har safe: ƙishirwa ce, ko gara a ƙasa. Ganyen ƙasa na rawaya suna zuba alhali ƙasa a jiƙe take: ruwa ya yi yawa, dakata kwana uku. Bakin ganye ya ƙone kamar an kara wuta: ko rana da iska, ko taki mai zafi, sai a ƙara inuwa a zuba ruwa mai yawa sau ɗaya ya wanke.

Idan ganye ya zube duka, kada ka yi saurin tugewa. Kankare karar kaɗan da farce. In ka ga kore a ciki, da ransa, ci gaba da ba shi ruwa. Rumman, lalle da bogenbiliya sun saba yin haka bayan dashe, sai bayan mako biyu ko uku ka ga 'yan tofo jajaye na fitowa. Sabon tofo shi ne shaidar cewa ya kama.

11. Idan hadari ya fara haɗuwa

Ruwan farko kan zo da iska mai ƙarfi da ƙura. Kafin lokacin, kafa wa duk dashen da ya wuce gwiwa sanda, ka ɗaure da tsumma sako-sako, ban da waya ko igiyar roba. Zogale idan ya kai ƙugu, datse kansa don ya yi rassa, in ba haka ba zai tafi sama siriri iska ta karya shi.

Kada ka daina ban ruwa don an yi ruwa sau ɗaya. A nan Zariya sau da yawa akan yi ruwa a ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, sai ya ɗauke kwana goma ko fiye, zafin da ke biyo baya kuma ya fi na da. Bayan kowane ruwa tone gefen kunya da yatsa ka ga iya inda ya shiga. Sai an yi ruwa mai ƙarfi sau uku a kusa da juna, ƙasa ta jiƙa har zurfin taƙi biyu, sannan ka ajiye jarka.

Daga nan aikin ya juya. Fasa kunyar nan ta gefe guda don ruwa ya sami hanyar fita, ka ɗan tara ƙasa a gindi yadda ba zai kwanta ba, ka ja shimfiɗa baya kaɗan. Alobera da kariya na cikin tukunya a matsar da su ƙarƙashin baranda, a tabbatar hujin gindin tukunyar bai toshe ba. Tulun da ka binne ka bar shi a rufe a wurinsa, za ka sake bukatarsa daga Nuwamba idan hunturu ya shigo, domin a ranin farko dashen zai so ruwa sau ɗaya a mako ko kwana goma. Yanzu ne kuma lokacin ƙara taki a gefen gindi, da cike guraben waɗanda ba su kama ba, da kawo mangwaro, lemo da gwandan da ka jinkirta.